Yinin al'adu a cikin jami'a: yaya za a yi mutanen gari su shigo, su zauna, su ji daɗi?

Ƙanwar Maza: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Mu ɗalibai ne a Jami'ar Bayero, muna son shirya yinin al'adu wanda har mutanen gari za su halarta: rera waƙa, kiɗan gargajiya, ɗan gajeren wasan kwaikwayo da baje kolin sana'o'in hannu. Muna hasashen mutum 300 zuwa 400. An fi karkata ga 26 ga Agusta don ya dace da Ranar Hausa ta Duniya. Don Allah masu sani su ɗora mu a hanya. Daga ina ake farawa, kuma me ya fi ɓata irin wannan taro?

Malam na Gwale: Wa alaikumus salam. Allah ya yi miki albarka 'yata. Kafin ki yi wa kowane makaɗi magana, ki ɗauko jadawalin karatu na shekarar ki duba. Idan ranar ta faɗa cikin jarrabawa, ɗakunan taro duk a kame suke, idan kuma ta faɗa cikin hutu, ba ki da ɗaliban da za su ɗauki kujera. Daga nan sai takarda. Ta bi ta hannun uban ƙungiyarku zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai, aƙalla mako shida kafin ranar. A rubuta rana, lokacin farawa da na tashi, ɗakin da ake so, yawan mutanen da ake sa rai, sunayen waɗanda aka gayyato daga waje, da jerin kayan da za a shigo da su.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne nan gaba kaɗan. Izini ya fito, an buga fosta an rubuta kowa da kowa, amma ba wanda ya kai kwafin amincewar ofishin tsaro. Ma'aikacin da ke bakin ƙofa da umarnin shugabansa yake aiki, kuma yana da gaskiya. Sai ki ga tsoho ya biya kuɗin adaidaita tun daga Kurna, an tsayar da shi ana tambayar wa ya zo gani. A kai kwafin da hannu, a samu wanda ke kula da masu aikin wannan ranar, a ajiye ɗalibai biyu a ƙofar tun awa ɗaya kafin farawa, ɗauke da kwafin da kuma alamar da za a gane su.

Abban Sadik: Malam ya gama magana a kan takarda. Ni wuri zan taɓo. In da gaske mutanen gari kuke so, tsohuwar jami'a ita ce. Tana jikin ganuwa, mutumin Gwale, Ɗorayi, Janbulo, Gadon Ƙaya da Kabuga da ƙafa ma zai iso, na cikin birni kuma adaidaita ɗaya ce. Ga ɗakin taro na Mahmud Tukur. Sabuwar jami'a kuwa sai an miƙe hanyar Gwarzo an wuce Rijiyar Zaki, in an sauka a bakin ƙofa ma akwai sauran tafiya kafin a kai ɗakin taro na Musa Abdullahi. Mai goyo da dattijo ba za su yi wannan ba.

Injiniya: Yaya Abban Sadik, ban ƙi taka ba, amma ka bar rabin lissafin. Sabuwar jami'a ta fi fili, ta fi wurin ajiye motoci, kuma motar ɗaukar kaya za ta iya matsowa kusa da ɗaki. Matsalar nisa bas biyu ke maganinta, su riƙa jigila daga ƙofa zuwa ɗakin taro duk bayan minti 15.

Abban Sadik: Bas biyu da mai da direba, daga aljihun ɗalibai? Injiniya ka dubi masu taron mana.

Hajiya Babba: Ku dakata 'ya'yana. Akwai wuri na uku da duk kuka tsallake: Gidan Mambayya da ke Gwammaja. Shi ma na jami'ar ne, gidan marigayi Malam Aminu Kano ne da aka mayar cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, ga ɗakin taro na Sa'adu Zungur. Mutanen gari sun saba shigarsa, ba sa jin kamar sun shiga gidan wasu. Sai dai ki sani akwai kuɗin haya, kuma a kan yi rububinsa, don haka a je da wuri. Ko ma wanne kuka zaɓa, a rubuta shi ɓaro-ɓaro a sanarwa: wace jami'a, tsohuwa ko sabuwa, wace ƙofa, wane ɗaki. Rubuta BUK kawai kan raba mahalarta gida biyu, rabi a Kabuga, rabi a hanyar Gwarzo.

Ƙanwar Maza: Na gode Hajiya. Mun fi karkata ga tsohuwar jami'a. Amma wasu na cewa a yi a fili a ƙarƙashin rumfuna, wai ya fi kama da dandali.

Injiniya: A watan Agusta? Ƙanwata, watan da ya fi kowanne ruwa a Kano ke nan. Hadari kan taso daga gabas da yamma-yamma, iska ce ke fara zuwa kafin ruwa, kuma rumfar da ba a ɗaure ba tashi take yi da ƙarfenta. Ku sa duk abin da ke amfani da wuta a cikin ɗaki. Baje koli ya zauna a baranda ko ƙarƙashin rumfa, kowace ƙafar rumfa a ɗaure ta da bulo biyu ko buhun yashi, a ajiye tamfol a kusa.

Bari in yi bayanin wuta gaba ɗaya, don ita ce ke kashe taro tsakiyar waƙa. A ɗauka ba wutar gari, a shirya inji. Lissafinsa ba wuya: a tara wat na kowace na'ura. Manyan lasifiku biyu zuwa huɗu da amfilifayarsu, da mikisa, wato na'urar haɗa sauti, da fitilun dandamali na LED goma sha biyu, da majigi, da fankoki, da wuya su haura wat 5,000. Abin da aka rubuta a jikin inji da kVA ba shi ne ƙarfin da za ki samu ba, sai kin ninka da 0.8, wato inji mai kVA 10 wat 8,000 yake bayarwa. Kuma ba a ɗora masa fiye da kashi uku cikin huɗu. To kin ga mai kVA 10 ya wadatar, muddin ba a jona masa na'urar sanyaya ɗaki ko tukunyar dafa ruwa ba. Irin wannan inji na dizal yana shan lita biyu zuwa biyu da rabi a awa. Taron awa biyar da gwajin awa biyu, ku sayi lita 20, ku zuba tun kafin a fara, don ba a ƙara mai inji na aiki.

A ajiye shi aƙalla mita 25 daga ɗaki, bututun hayaƙi ya juya baya ga tagogi. Wayar da za ta taho daga nan kada kaurinta ya gaza murabba'in milimita 4, domin siririyar waya a doguwar tafiya rage ƙarfin wuta take yi, ta ɗau zafi, amfilifaya ta riƙa ɗaukewa daidai lokacin da ganga ta yi ƙarfi. Kayan sauti duka su sha wuta daga layi ɗaya, fitilu da fankoki a wani layin daban. Idan mikisa na wani soket, amfilifaya na wani mai tushe daban, nan ne ake samun gurnanin nan da ke fita a lasifika ba ya tsayawa. Wajen kunnawa mikisa ce farko, amfilifaya ƙarshe. Wajen kashewa a juya. In an saɓa, ƙarar da ke fita tana iya fasa lasifika.

Ɗan Fagge: Injiniya, kukan nan mai tsinin da ke huda kunne fa? Kusan ba taron da ba a yinsa.

Injiniya: Makirufo ne ke jin lasifika, ya mayar mata, ita ma ta mayar masa. Lasifiku su kasance a gaban dandamali suna fuskantar jama'a, masu magana a bayansu. Mai gabatarwa kada ya sauko ya wuce ta gabansu da makirufo a kunne. Kada a dunƙule kan makirufo da tafin hannu, wannan ƙara kukan yake yi. Duk wanda ba a amfani da shi a rufe layinsa a mikisa. Marasa waya kuma a sa musu sabon batir a safiyar ranar, a riƙe wasu takwas a aljihun mutum ɗaya da aka sani. Kuma a yi gwajin sauti da makaɗan kansu, ba da wani ɗalibi yana cewa ɗaya biyu ba.

Jikan Sarkin Kiɗa: Madalla da wannan jimla ta ƙarshe, Injiniya. Nan nake so in daɗe, don a nan ake yi wa masu sana'armu rashin adalci ba da niyya ba.

Kayan kiɗa ba ƙarfinsu ɗaya ba. Algaita da gangar noma ba sa buƙatar makirufo a cikin ɗaki, in ma za a sa, a nisanta shi kamar mita ɗaya. Gurmi da garaya da kukuma muryarsu ƙasa-ƙasa ce, makirufo ya matso kamar taƙi ɗaya daga ƙoƙon, a ba mawaƙin nasa daban, 'yan amshi uku su raba ɗaya. Mai kalangu ba ya tsayawa wuri guda, yana juyi yana matse tsarkiya da hammata, to ko dai a maƙala masa ƙarami a rigarsa ko a bar shi haka, don kalangu yana kai kansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a buɗe wa ganguna sauti har su danne mawaƙi. Waƙar Hausa magana ce. In ba a ji kalmomin ba, an ji hayaniya ne kawai.

Sai damina. Fatar ganga tana shan danshi ta saki, sautin ya mutu. Makaɗa sun san maganinsu, gasa ta suke yi. Ku tanadar musu kasko da garwashi a wani lungu a waje inda ruwa ba ya bugu, ku ba su minti 15 kafin su hau. Kada a sa su jibge kayan a kan siminti mai sanyi tun safe. Mai kotso kuma kada yara su taɓa masa naken da ke tsakiyar fatar, shi ne ke daidaita muryar kotson. Masu kiɗan ƙwarya suna kifa ƙwarya a kan ruwa cikin masaki, saboda haka a ba su gefen dandamalin da ba waya a ƙasa, a shimfiɗa leda a ɗora tabarma.

Wajen gayyata, a je gida a samu shugaban ƙungiyar, a gaishe shi yadda ya kamata. A yi magana a fili: waƙa nawa, minti nawa, mutum nawa zai zo da su, wa zai ɗauko su, wa zai mayar. A ba da kafin alƙalami kamar kashi ɗaya cikin uku, ragowar a ranar kafin su bar harabar. Cewa za mu neme ku daga baya shi ke sa gobe in wasu ɗalibai sun je a ƙi sauraronsu. Kuma a ba su wurin zama da ruwa da abinci kamar sauran baƙi.

Baba Wakili: Jikan Sarkin Kiɗa, Allah ya ja da ranka, ka bar abu ɗaya. Kakaki da tambari kayan sarauta ne. Ba a ɗauko su don ƙawata taro, ba a busa wa shugaban ƙungiyar ɗalibai kakaki. In ana son jama'a su gan su, hanyarsa ta fada ce, a nemi izini, masu riƙe da su su zo da kansu. In bai samu ba, hoto da bayani ya isa. Haka kuma 'yan tauri: wasansu da wuƙaƙe ne, ba za a shigo da su ta ƙofar jami'a ba, kada ma a fara maganar.

Jikan Sarkin Kiɗa: Gaskiya ne Baba, na karɓi gyara.

Malam na Gwale: Ina so in ɗora a kan maganar makaɗa. Abin da zai bambanta taronku da bikin unguwa shi ne ilimin da mai kallo zai tafi da shi. Kafin kowace ƙungiya ta hau, mai gabatarwa ya faɗi jimla biyu ko uku: kalangu na mahauta ne da 'yan dambe tun asali, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma ranar gayya, garaya ta maharba, kotso da taushi na fada, shantu da ƙwarya na mata. Jimla uku na ce, ba lacca ba. Ku je Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ko sashen koyar da harsunan, ku roƙi malami ɗaya ya duba muku abin da kuka rubuta. Waɗanda suka fitar da Ƙamusun Hausa a 2006 suna cikin gidanku, bai kamata a ji kuskure daga bakin mai gabatarwarku ba.

Game da rubutacciyar waƙa kuwa, ku ƙayyade da baiti, kada ku ƙayyade da minti. In kin ce wa sha'iri minti biyar, zai ce ai bai kai ba. Baitin ƙwar biyar, wato mai layi biyar, in ana rera shi a tsanake yana cin kusan rabin minti, to baiti 10 zuwa 12 ke nan. A karɓi waƙoƙin a rubuce mako biyu kafin ranar. In gasa ce, alƙalai uku, a raba maki tun farko a kan jigo, zubi da tsari, kari, amsa-amo, salo da rerawa, a karanta wa jama'a ƙa'idar kafin a fara. Kuma mawaƙa shida sun isa. Na bakwai ba mai saurare.

Anti Mai Lalle: Duk kun yi maganar dandamali, ni ta masu zama zan yi, musamman mata. Matar aure ba za ta fito taron da zai kai magariba ba. A ƙarshen Agusta rana na faɗuwa wajen 6:40. In kun fara 10 na safe kuka tashi 1 a yi azahar, ku dawo 2 ku rufe kafin la'asar, to kowa ya koma gida da haske, kuma kun riga hadarin yamma. Kada a sa ranar Juma'a. In 26 ga wata ta faɗo tsakiyar mako, ma'aikata da 'yan kasuwa ba za su zo ba, gara a matsa zuwa Asabar mafi kusa.

A ware ɓangaren mata da ƙofarsa, a sa 'yan mata masu nuna wuri. Layin gaba na ɓangaren a bar wa tsofaffi, na kusa da ƙofa a bar wa masu goyo don su iya fita ba tare da tayar da layi ba. Yara a shimfiɗa musu tabarmi a gaba, da manya biyu masu kula. Hanyar tsakiya kada ta gaza mita ɗaya da ɗan wani abu, kuma ko an cika kada a toshe ta da ƙarin kujeru. Duk ƙofofin ɗakin a cire musu kwaɗo kafin mutum na farko ya shiga. A tanadi wurin keken guragu a inda ba matakala.

Ruwan sha: jakar fiya wata guda 20 ce. Mutum 400, kowa biyu, jaka 40 ke nan, a ƙara biyar ta makaɗa da masu aiki. A ajiye buhunan zuba leda a kowace ƙofa. Ruwan alwala daban, tankin roba mai lita 1,000 da butoci 30, goma a ɓangaren mata. A leƙa banɗakuna kwana biyu kafin taro, a ga suna buɗe, akwai ruwa, a san wa ke riƙe da makulli. Wannan ba abin kunyar faɗa ba ne. Macen da ta sha wahala a nan ba za ta dawo baɗi ba, kuma za ta gaya wa maƙwabtanta.

Ɗan Fagge: Anti ta faɗi awa huɗu da rabi. To a nan rigimar take. Jawabai kaɗai sai su cinye uku. Shugaban taro, babban baƙo, uban taro, uwar taro, baƙo mai jawabi, kowa sai an karanta tarihinsa. Mutanen da suka zo jin gurmi su gaji su tafi, mai gurmi ya hau ya tarar da kujeru. Ni a ganina a soke jawabai gaba ɗaya in ban da addu'a da maraba.

Abban Sadik: Ɗan Fagge, wannan ba za ta yiwu ba. Waɗannan mutanen su ne suka ba da ɗaki, su ne suka ba da gudummawa, kuma manya ne. Ka gayyato mutum ka hana shi magana, a garin nan? Girmama na gaba shi ma al'ada ce, ita kuke cewa kuna rayawa.

Ɗan Fagge: Makaɗin da ya shekara 40 yana sana'arsa shi ba babba ba ne?

Hajiya Babba: Kowannenku da gaskiyarsa, kuma ana iya haɗa su. Jawabi uku, kowanne minti biyar, a rubuta adadin mintin a cikin takardar gayyata tun farko don kada ya zo wa kowa a ba-zata. A karanto sunayen manyan baƙi sau ɗaya daga bakin mai gabatarwa, masu jawabi su tsaya ga gaisuwa ɗaya. Kada a jera jawaban, a sa kiɗa ko waƙa a tsakaninsu. Sannan a fara a kan lokaci ko babban baƙo bai iso ba: a buɗe da addu'a, a sa 'yan makaranta su yi kacici-kacici da gasar karin magana. In ya iso a tarbe shi bayan an kammala abin da ake yi. Babba na gaske ba ya jin haushin wannan, ya fi jin nauyin a ce ɗaruruwan mutane shi suke jira.

Abban Sadik: In haka ne Hajiya, na yarda. Amma malami za a sa ya riƙe agogon, ɗalibi ba zai iya miƙa wa farfesa takardar lokaci ya cika ba.

Mai Zayyana: Salamu alaikum. Baje kolin fa kada a mayar da shi tebur biyu a bakin ƙofa. Ku je Marinar Ƙofar Mata ku gayyato marini da mai bugu, ku je Kurmi ku samu baduku da mai ɗinkin hula, a samo masaƙi in da hali. Mutane sun fi tsayawa inda ake aiki a gabansu. Amma rini ba a haɗa shi a ranar, domin baba da toka da katsi sai sun kwana da kwanaki sun tsimu kafin su kama. Marini ya zo da ruwan da ya riga ya nuna a cikin duro, ya tsoma ƙyalle, jama'a su ga yadda yake fitowa kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Yara ba sa mantawa da wannan. A shimfiɗa leda mai kauri, a sa igiya ta raba shi da masu fararen kaya. Baƙin rawani irin na Kura yana zubar da shuni, kada a jingina shi da farin bango ko a bari kowa ya shafa.

Hotuna da zane a rataye su tsakiyarsu ta kai santimita 150 daga ƙasa, daidai idon mai tsaye. Kowane abu da katinsa: sunansa, wanda ya yi, unguwarsa, da abin da aka yi shi da shi, da Hausa, da manyan baƙaƙen da dattijo zai karanta ba tabarau. In an ƙara da ajami ya fi.

Allon zayyana da duk abin da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani a ɗora shi sama, ba a ƙasa ba, ba kuma kusa da wurin kiɗa ba. Tsofaffin rubuce-rubucen ajami in wani gida ya ba ku aro, to amana ce mai nauyi. Warƙoƙinsu a sake suke cikin gafaka, ba lambar shafi, kalmar da ke ƙasan kowace warƙa ita ke nuna ta gaba, in suka hargitse sai masani ya zauna. A buɗe wuri ɗaya, a sa ƙarƙashin gilashi, nesa da rana da taga. Ba salatif, ba ƙusa, ba a manne su cikin leda da zafi. Tawadar wasunsu ta gawayi da ƙaro ce, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya wanke layi. In ba ku da akwatin gilashi, ku ɗauki hoto ku buga, ku mayar wa masu shi kayansu. Ma'aikatan Gidan Makama da na Gidan Ɗan Hausa sun san wannan aiki, ku je ku ga yadda suka jera nasu. Duk abin da aka aro a rubuta shi a littafi, mai shi ya sa hannu wajen bayarwa da wajen karɓa.

Ƙanwar Maza: Allah ya saka da alheri. Saura wasan kwaikwayo da maganar liƙi, don wasu sun ce makaɗa ba za su yarda a hana ba.

Jikan Sarkin Kiɗa: Ba kyauta za a hana ba ƙanwata, watsa kuɗi da taka su za a hana. Dokar Babban Banki ta 2007 ta haramta liƙi da takardar naira, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza wata shida ba ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba ko duka biyu. A ajiye faifai ko ƙwarya a gaban dandamali, mai kyauta ya sa a ciki, ko ya ba sanƙira ya sanar. Ɗaya daga cikin mutanen makaɗin ne zai riƙe, ba ɗan kwamiti ba. Kuma a yi yarjejeniya tun a gida cewa kirari da ambaton masu kyauta su zo a ƙarshen waƙa, in ba haka ba waƙar minti takwas sai ta koma 25. Masu ɗaukar bidiyo su nemi izinin mawaƙi kafin a ɗora a Facebook ko YouTube, a rubuta sunansa, a ba shi kwafi.

Yayan Dandali: Wasan kada ya wuce minti 35 zuwa 40, fitowa huɗu ko biyar, 'yan wasa kada su haura goma. Kayan dandamali kaɗan: tabarma, turmi, kujera 'yar tsugunno, labule ɗaya. Sauya fitowa in ya kai minti ɗaya, surutu ya ɓarke, kuma dawo da hankalin mutum 400 aiki ne. A sa mai gurmi ya cike gurbin. A yi gwaji na ƙarshe a ainihin ɗakin, da ainihin tufafin, domin babbar riga da mayafi suna gogar ƙaramin makirufo su riƙa ƙara, sai an gwada ake sanin inda za a maƙala shi. In makirufon bai kai kowa ba, a rataye biyu daga sama a gaban dandamali, 'yan wasa su ɗaga murya, kada su juya wa jama'a baya, kuma su dakata in an yi dariya har ta lafa. Ku kai rubutun sashen nazarin wasan kwaikwayo a duba muku. Ku tuna cikin masu kallo akwai iyaye da yara da malaman Islamiyya, abin da ɗalibai ke dariya a kansa a ɗakin kwana ba duka ne zai hau wannan dandamali ba.

Anti Mai Lalle: Sanarwa kuma kada ku tsaya a WhatsApp, iyayenmu rediyo suke ji. Ga BUK FM a gidanku, ga Freedom da Rediyon Kano, a roƙi masu shirin al'adu su ambata sau biyu a makon ƙarshe. A kai takarda ga masu unguwannin da ke kewaye. Makarantun sakandare irin su Rumfa da Shekara a rubuta wa shugabanninsu mako uku kafin ranar, a faɗi adadin da ake so, kamar ɗalibai 20 da malami ɗaya daga kowace, don kada wata ta zo da bas uku.

Injiniya: A sanar da asibitin jami'a ranar da lokacin. A samu tukunyar kashe gobara biyu, ɗaya kusa da inji, ɗaya kusa da mikisa, mai hoda ko mai iska, ba ruwa ba. Wayoyin da suka ratsa hanya a danne su da tabarmar roba. Mutum shida kuma a ware su tun yanzu, aikinsu sai bayan an tashi: kwashe leda, ƙirga kujerun haya tare da mai su, mayar da kayan aro, sannan a kira mai kula da ɗakin ya zagaya ya gani kafin a miƙa masa makulli.

Ƙanwar Maza: Na rubuta duka. Gobe in Allah ya kai mu za mu fara da jadawalin karatu da takardar ofis. Baba Jikan Sarkin Kiɗa, ƙungiyar masu kiɗan ƙwarya mata nawa ya kamata mu sa a lissafin mota?

Jikan Sarkin Kiɗa: Ki sa takwas, da wurin masakai uku. Kada a ɗora komai a kan ƙoren, a rungume su ake tafiya da su.